Rana Mai Kamar Ta Yau: Arashi Ne Ko Da Gangan?

Kusan duk mai sauraron rediyo ya san filin nan da ake buɗewa da cewa "a rana mai kamar ta yau". Mai gabatarwa zai jero abubuwa huɗu ko biyar: a shekara kaza aka haifi wane, a shekara kaza aka ci gari kaza da yaƙi, a shekara kaza jirgi ya faɗi. Cikin minti uku an gama, a sa kiɗa. Jaridu na yi, masu shafuka a Facebook na yi, jama'a kuma na so, don babu wahalar sauraro, ga shi mutum yakan tashi da ɗan abin da zai faɗa a majalisa. Ina cikin masu ƙaunar filin, domin ta nan yara da yawa suke fara jin sunan Burmi ko Hiroshima. Sai dai jerin yana cusa wa mai sauraro wani tunani ba tare da an furta ba, wai ranar ce da kanta take da wani sirri, ita ke janyo abubuwan. Gaskiyar magana, abubuwan da suka taru a kwanan wata ɗaya ba hanya ɗaya suka biyo ba, kuma daɗin tarihin yana cikin gano hanyar da kowanne ya biyo.

A fara da Jamus, don babu ƙasar da wata rana ta addabe ta kamar yadda 9 ga Nuwamba ta addabi Jamusawa. A wannan rana a 1848 aka bindige Robert Blum a birnin Vienna, ɗan majalisar da ke fafutukar kafa mulkin jama'a. A ranar a 1918, ana dab da ƙare Yaƙin Duniya na Ɗaya, aka sanar da saukar Sarki Wilhelm na Biyu, Philipp Scheidemann ya leƙo daga ginin majalisa a Berlin ya shelanta jamhuriya. A 1923 Hitler ya yi yunƙurin juyin mulki a Munich, 'yan sanda suka buɗe wuta, abin ya watse, shi kuma ya ƙare a kurkuku. A 1938 aka yi daren da 'yan Nazi suka ƙona ɗaruruwan wuraren ibadar Yahudawa, suka farfasa shagunansu, aka kwashe maza wajen 30,000 zuwa sansanonin tsarewa. Sannan a 1989 katangar Berlin ta buɗe.

Wanda ya ji waɗannan a jere zai ce lallai ranar nan da walakin. Amma a warware su ɗaya bayan ɗaya a gani. Hitler ya gina siyasarsa ne a kan zagin waɗanda suka kafa jamhuriyar 1918, yana kiransu masu laifin Nuwamba, kuma yunƙurinsa ya faɗo daidai cikarta shekara biyar. Da ya samu mulki sai ya mayar da ranar yunƙurin nan nasa ranar bikin jam'iyya, duk shekara manyan 'yan Nazi su hallara a Munich. A 1938 suna tsakiyar wannan taron ne labari ya iso cewa Ernst vom Rath, jami'in ofishin jakadancin Jamus da wani matashi Bayahude ya harba a Paris kwana biyu kafin nan, ya mutu. Goebbels, ɗaya daga cikin manyan 'yan Nazin, ya tashi ya yi jawabin tunzuri, shugabannin jam'iyya suka fita suka buga wa yaransu waya a jihohi, kafin asuba wuta ta kama ko'ina. Ashe 1918 da 1923 da 1938 sarƙa ɗaya ce, kowace ta riƙe 'yar'uwarta. Ita kuwa 1989 ba ta cikin sarƙar. Wani jami'in gwamnatin Jamus ta Gabas, Günter Schabowski, ya karanta sabuwar dokar tafiye-tafiye a gaban 'yan jarida da yamma, aka tambaye shi yaushe za ta fara aiki, ya duba takardunsa bai ga amsa ba, ya ce nan take. Alhali washegari aka shirya. Jama'a suka yi cincirindo a mashigar titin Bornholmer, masu gadi suka rasa ta cewa, kafin tsakar dare suka ɗage shinge. Da aka zo zaɓar ranar ƙasa bayan haɗewar Jamus ta Gabas da ta Yamma, Jamusawa suka ƙi 9 ga Nuwamba duk da farin cikin 1989, saboda jinin 1938, suka ɗauki 3 ga Oktoba, ranar da aka haɗe a 1990. Ina ganin wannan hukunci ne na mutanen da suka san tarihinsu.

Masu mulki ko'ina sun san darajar kwanan wata, suna kuma zaɓarsa kamar yadda suke zaɓar tuta. Yarjejeniyar Versailles da ta rufe Yaƙin Duniya na Ɗaya an sa mata hannu ne 28 ga Yuni 1919, shekara biyar cif da harbe Yarima Franz Ferdinand a Sarajevo, harbin da ya kunna yaƙin. Mountbatten, gwamnan Ingila na ƙarshe a Indiya, ya ce ya tsayar da 15 ga Agusta 1947 ranar 'yancin ƙasar ne don a ranar Japan ta miƙa wuya shekara biyu da suka wuce.

A gida ma haka abin yake, kuma misali mafi taɓa zuciya shi ne 15 ga Maris. A wannan rana a 1903 rundunar Turawa ta ci Sakkwato, Sarkin Musulmi Attahiru na Ɗaya ya fita ya nufi gabas, har ya yi shahada a Burmi 27 ga Yuli na shekarar. Da lokacin mulkin kai na Jihar Arewa ya yi, 15 ga Maris 1959 aka sa. Sardauna Ahmadu Bello jinin Shehu Usmanu ne, ya san sarai abin da ranar take nufi: a ranar da mulki ya fita daga hannu, a ranar zai dawo bayan shekara 56. Mai gabatar da shirin da ya karanta waɗannan biyun a matsayin abin mamaki, bai faɗi cewa zaɓa aka yi ba, ya zubar da ainihin labarin. Haka 1 ga Oktoba: 'yancin kai a 1960, zama jamhuriya a 1963, miƙa mulki ga Shehu Shagari a 1979, ƙirƙiro jihohi shida har da Zamfara da Gombe da Nasarawa a 1996, duk an jingina su ne da ta farkon. Babangida ya hau mulki 27 ga Agusta 1985, kuma 27 ga Agusta 1991 ya sanar da sababbin jihohin da suka haɗa da Jigawa da Kebbi da Yobe. A 2018 gwamnatin Buhari ta ɗauke Ranar Dimokuraɗiyya daga 29 ga Mayu ta mayar 12 ga Yuni, ranar zaɓen 1993 da aka soke. Wannan siyasa ce da aka yi da kalanda, kuma kowa ya fahimci saƙon.

Sai 15 ga Janairu, wadda ta fi kowace nauyi a Arewa. Cikin daren ranar a 1966, ana tsakiyar azumi, wasu hafsoshin soja suka kashe Sardauna a Kaduna tare da uwargidansa Hafsatu, suka kashe Firayim Minista Abubakar Tafawa Balewa, da Akintola a Ibadan, da Okotie-Eboh, da manyan hafsoshi irin su Birgediya Zakariya Maimalari da Kanar Kur Muhammad da Birgediya Ademulegun. Bayan shekara huɗu, 15 ga Janairu 1970, Philip Effiong ya miƙa wuyan Biyafara ga Yakubu Gowon a barikin Dodan da ke Legas. Yanzu a ranar ake tunawa da 'yan mazan jiya, a ranar kuma ake tarukan addu'a da laccoci na tunawa da Sardauna. Shirin rediyo zai kawo su biyu a numfashi ɗaya ya wuce. Amma abin da ya haɗa su da gaske ya ratsa ta ranakun da ba su yi kama da juna ba ko kaɗan: dokar Ironsi mai lamba 34 ta watan Mayun 1966 da ta rusa tsarin tarayya, tarzomar da ta biyo baya, juyin mulkin ramuwa na 29 ga Yuli, kisan gillar da aka yi wa 'yan ƙabilar Ibo a garuruwan Arewa cikin Satumba da Oktoba, zaman Aburi da ya ci tura, ɓallewar Biyafara a 30 ga Mayu 1967, da yaƙin wata talatin da ya ci rayukan da har yau ba a gama ƙidaya ba. Yaron da ya haddace cewa abubuwa biyu sun faru 15 ga Janairu, bai san wannan tsakanin ba, bai san komai a kan yaƙin basasa ba tukuna. Haka 29 ga Yuli. Juyin mulkin 29 ga Yuli 1966 ya kawo Gowon, na 29 ga Yuli 1975 ya kawar da shi yana taron shugabannin Afirka a Kampala. Abin lura a nan shi ne mutanen: Murtala Muhammad da ya jagoranci na farko shi ya hau kujera a na biyu.

To, ina arashi na tsantsa? Akwai shi, kuma da yawa. Abraham Lincoln da Charles Darwin rana ɗaya aka haife su, 12 ga Fabrairu 1809, ɗaya a bukkar katako a Kentucky, ɗaya a gidan likita mai hali a Ingila. Thomas Jefferson da John Adams, tsofaffin shugabannin Amurka, sun mutu 4 ga Yuli 1826, ranar da shelar 'yancin ƙasarsu ta cika shekara 50, Amurkawan zamanin kuma suka ɗauke ta aya daga sama. Turawa sun ci Kano 3 ga Fabrairu 1903, kuma 3 ga Fabrairu 1976 ɗan Kano Murtala ya sanar da mayar da babban birnin tarayya Abuja tare da ƙara jihohi zuwa 19. Faɗuwa ce ta zo daidai da zama. Lissafi ya riga ya yi bayanin irin wannan. Kwanakin shekara 365 ne kawai, abubuwan da suka faru kuwa ba su ƙirguwa, dole su yi ta karo da juna. Masana lissafi sun nuna cewa in aka tara mutum 23 kacal a ɗaki, yiwuwar a samu biyu masu ranar haihuwa ɗaya ta haura rabi. In mutum 23 sun isa, ina ga dubban sarakuna da yaƙe-yaƙe da gobara na shekaru dubu biyu? Ranar da za a bincika a rasa wani abin mamaki a cikinta ita ce za ta zama abin mamaki.

Akwai kuma haɗuwar da ba a yi ta ba sam. Ana yawan cewa Shakespeare na Ingila da Cervantes na Sifen sun mutu rana ɗaya, 23 ga Afrilu 1616, kuma yana cikin dalilan da suka sa hukumar UNESCO ta tsayar da ranar a matsayin Ranar Littafi ta Duniya a 1995. Alhali Cervantes ya rasu ne 22 ga wata aka binne shi 23, sannan ƙasashen biyu ba kalanda ɗaya suke bi ba a lokacin. Ranar da 'yan Ingila ke kira 23 ga Afrilu, a Sifen 3 ga Mayu ce. Tushen abin shi ne tsohuwar kalandar Julius Caesar ta ɗauki shekara kwana 365 da kwata, ta zarce ainihin zagayen rana da wajen minti 11. Kaɗan ne, amma duk shekara 128 yakan tara kwana guda. A 1582 Paparoma Gregory na 13 ya ba da umarnin gyara: aka kwanta Alhamis 4 ga Oktoba, aka tashi Juma'a 15 ga Oktoba. Aka kuma sa dokar cewa shekarar da ta cike ƙarni ba za ta samu 29 ga Fabrairu ba sai in tana rabuwa da 400, shi ya sa 2000 ta samu, 1900 ba ta samu ba. Ƙasashen Katolika suka bi nan da nan. Ingila ta ƙi sai 1752, inda 14 ga Satumba ta biyo bayan 2 ga wata. Rasha sai 1918, shi ya sa juyin juya halin da ake kira na Oktoba aka yi ta bikinsa 7 ga Nuwamba. Suwidin ta rikice a tsakani har ta yi 30 ga Fabrairu a 1712. Duk wani kwanan wata na Turai da ya faɗo tsakanin 1582 da farkon ƙarni na 20, sai an tambaya da kalandar wa aka rubuta shi.

Mu da muke rayuwa da kalanda biyu a bango ɗaya, wannan matsala ta fi shafar mu. Shekarar Hijira kwana 354 ce ko 355, ta gaza ta Miladiyya da kwana 10 ko 11, don haka watanninta ke zagaya damina da hunturu da bazara cikin wajen shekara 33. An gwabza yaƙin Badar 17 ga Ramadan shekara ta 2, wanda ya yi daidai da Maris 624. Babu wanda ke tuna Badar a Maris. A wuraren tafsiri ake tuna ta, in azumi ya yi goma sha bakwai. To wace ce rana mai kamar ta Badar, ta Maris ko ta Ramadan? Amsar ta danganta da kalandar da mutanen da abin ya shafa suke ƙirga rayuwarsu da ita. Masar ta ƙi zaɓa. Sojojinta sun tsallaka mashigin Suwez 6 ga Oktoba 1973, wadda ta yi daidai da 10 ga Ramadan 1393, sai ta gina birane biyu a kusa da Alƙahira, ɗaya sunansa 6 ga Oktoba, ɗaya 10 ga Ramadan, duk don yini guda. Kuma a faretin tunawa da ranar ne aka harbe shugabanta Anwar Sadat a 1981, don maharan sun san inda zai zauna a wannan rana. Saudiyya ta yi bikin cika shekara 100 da Sarki Abdul'aziz ya ci Riyad a Janairun 1999, alhali a Janairun 1902 abin ya faru. Mai lissafin Miladiyya zai ce 97 ne. Daga 1319 zuwa 1419 kuwa ɗari ce cif.

Tarihin jihadin Sakkwato da kalandar Hijira malamansa suka rubuta shi, kuma in aka juya shi zuwa Miladiyya wani abu yakan zube. Yaƙin Tabkin Kwatto, inda jama'ar Shehu suka karya rundunar Sarkin Gobir Yunfa, littattafan makaranta sun ce 21 ga Yuni 1804. Daidai ne. Amma ga waɗanda suka yi yaƙin, ranar Alhamis ce 12 ga Rabi'ul Awwal 1219, ranar da aka fi sani da ta haihuwar Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi. Shehu Usmanu ya rasu 3 ga Jimada Sani 1232, wato 20 ga Afrilu 1817. Ga kuma wani ƙaramin tarko: yinin Musulunci da magariba yake shiga, shi ya sa Bahaushe ke ce wa daren Alhamis wayewar Juma'a "daren Juma'a", kuma da ganin wata ake fara ƙirga kwana. Saboda haka manhajar da ke juya kwanan wata a waya tana iya saɓa wa abin da malami ya rubuta da kwana ɗaya, ba tare da wani ya yi kuskure ba.

Abin da ya fi damuna a harkar shi ne waɗanda filin ba ya iya ɗauka ko da an so. Sai abin da aka rubuta da ranarsa yake shiga, masu rubuta rana kuwa a yawancin tarihin duniya su ne fadoji masu magatakarda, da coci-coci, da ofisoshin mulkin mallaka. Kundin tarihin sarakunan Kano, wanda wani Bature mai suna Palmer ya fassara zuwa Turanci a 1908, yawan shekarun da kowane sarki ya yi a gadon mulki yake kawowa. Shekarar 999 da ake cewa Bagauda ya hau mulki, lissafi aka yi da baya-baya aka fitar da ita. Muhammadu Rumfa, wanda ya kafa kasuwar Kurmi, ya gina fadar da sarakunan Kano ke ciki har yau, ya karɓi baƙuncin Shehu Magili, ba shi da rana ko ɗaya da za a karanta da safe. Amina ta Zazzau ba ta da ita. Sai ya zama yaron da ke sauraro kullum zai ji ranar da Gwamna Lugga ya yi kaza, ranar da wani Bature ya iso gari kaza, ya ɗauka daga nan tarihinsa ya soma.

Kuma manyan abubuwan da suka sauya rayuwar talaka ba a yini ɗaya suka faru ba. Cutar da ta share garkunan Fulani wajen 1890, yunwar Kakalaba ta 1913 zuwa 1914, bunƙasar cinikin gyaɗa bayan jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911, farin 1973 da ya ɗaiɗaita Nijar da arewacin Najeriya, janyewar tafkin Chadi: wace rana za a sa musu? Iyayenmu suna da tasu hanyar ajiye lokaci, kuma ta fi dacewa da irin waɗannan. Tsohuwa za ta ce ta yi aure shekarar da Sarauniyar Ingila ta zo, wato 1956, ta haifi ɗan fari kafin a kashe Sardauna, autanta kuma shekarar canjin hannu, 1972, lokacin da motoci suka koma bin dama. Ranar mako kuwa a jikin suna ake ajiye ta: Ladi da Ɗanladi, Talatu, Balarabe, Lami, Jummai da Ɗanjuma, Asabe. Azumi da Ɗan'azumi sun riƙe watan haihuwarsu. Mutane da dama da ba su san kwanan watan haihuwarsu na Turawa ba, har sai da suka je kotu suka yi takardar rantsuwa, sun san tabbas ranar Laraba ce, bayan sallar layya, ana girbin gero.

Gyaran bai fi ƙarfin gidajen rediyonmu ba. Abu ɗaya da aka faɗi dalilinsa da abin da ya haifar ya fi guda biyar da aka jero a guje. A riƙa duba kalandar Hijira tare da ta Miladiyya, don yaƙe-yaƙe irin na Tabkin Kwatto da Alkalawa da wafatin malamai su samu shiga a lokacin da jama'a ke jin su. A ware wani yini a mako a ce "a shekara mai kamar ta bana" ko "a damina irin wannan", don Rumfa da Kakalaba su samu wuri. Kayan aikin suna nan: Gidan Arewa da ma'ajiyar tarihi ta ƙasa a Kaduna, cibiyar tarihi ta Waziri Junaidu a Sakkwato, gidan Ɗan Hausa a Kano, da tsofaffin kofen Gaskiya Ta Fi Kwabo, wadda ta fara fitowa a Janairun 1939 tana kawo labaran garuruwanmu da Hausa, kowane da kwanan watansa a saman shafi. Dattawan da suka ga zuwan Sarauniya da idonsu kuwa, ƙaraminsu ya haura saba'in, ya kamata a kai musu na'urar ɗaukar murya tun bana.